Mamuda Na'Allah, Mutumin da Ya Ƙi Hawa Rufin Asibiti

Duk wanda ya saba bi ta bayan tashar motar Bagudo da hantsi ya san fuskarsa, ko da bai san sunansa ba. Dattijo ne siriri mai furfura a gemu, zaune a kan benci a ƙofar gida, jakar aikinsa a buɗe a gabansa. Kafin ya kurɓi kunun da matarsa Asibi ta ajiye masa, sai ya zaro safar hannunsa ta roba ya hura mata iska, ya matse bakinta, ya kai kunne yana sauraro. In ya ji iska na fita, ko da ta hudar da ba ta kai tsinin allura ba ce, to wannan safa ta gama aiki. Daga nan ya ɗauko mitarsa ta gwajin wuta ya soka a soket ɗin ɗakinsa, don ya tabbatar ba ƙarya za ta yi masa a bakin aiki ba. Sai ya ɗaure jaka a bayan babur, ya duba wayarsa ya ga inda ake nemansa. Wata rana Kende, wata rana Kaoje ko Lolo, wata rana kuma tsallaken iyaka cikin ƙasar Benin, inda ake yi masa magana da Dendanci yana mayarwa. Shekara goma sha bakwai ke nan haka safiyar Malam Mamuda Na'Allah take. Asibi ta ce ta daɗe da daina mita a kan kunun da ke hucewa a bencin nan.

Sana'arsa gyaran sola, amma akwai wani reshe nata da ba kowa ya iya ba a wannan yanki. A wasu ƙananan asibitoci da makarantun da ƙungiyoyin agaji suka sa wa wuta, kowane farantin sola yana da tasa 'yar ƙaramar inbata manne a ƙarƙashinsa. Akwati ne da bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba, kuma aikinsa shi ne ya juya wutar da rana ta bayar ta koma irin wadda firji da fanka ke ci, tun a can saman rufi. Saboda haka wayar da ke saukowa daga irin wannan rufi ba ta wasa ba ce, ƙarfinta ɗaya da wutar gari. Kowane akwati yana da ɗan ƙwan fitila kamar idon kifi. In yana ƙyafta kore, lafiya lau. In ya koma ja, sai a nemo Mamuda.

Gaskiya ita ce, shekaru da dama mutane ba yabonsa suke yi ba. Cewa ake yi yana da nawa. Ka kira shi gyara, ya zo ya zauna yana yi maka tambayoyi kamar likita. Wani shugaban makaranta a tsallaken Lolo har yau yana ba da labarin yadda Mamuda ya yi tafiyar awa biyu a babur, ya iso ya tarar an yi yayyafi, ya nemi gindin bishiya ya zauna har azahar yana jiran kwanon rufi ya bushe. Mutumin ya ce a ranar ya rantse ba zai sake kiransa ba. Ya sake kiransa sau huɗu bayan nan.

Abin da ya rufe bakin masu wannan magana ya faru ne a daminar bara waccan, a wani ƙauyen bakin kogi cikin gundumar Kaoje. Ba za a ambaci sunan ƙauyen ba, don mutanensa sun riga sun ji kunyar da ta ishe su. Akwai ɗan ƙaramin asibiti a wurin mai ɗaki huɗu, da faranti goma sha biyu a rufinsa, da babbar inbata da batura a wani ɗan ɗaki daga gefe. Malama Sa'adiyya, ungozomar da ke riƙe da asibitin, ita ta kira shi. Ta ce batura sun daina cika, uku daga cikin 'yan akwatunan suna nuna ja, firjin allurar rigakafi kuma ya fara kuka da asuba. Allurar yaran ƙauyuka biyar ce a cikinsa, kuma ruwa ya cinye hanya, balle a ce za a kawo wata.

Mamuda ya bar babur a inda hanya ta ƙare, ya shiga kwalekwale da jakarsa a ka, aka ratsa da shi ta cikin gonakin shinkafar da ruwa ya shanye. Ya iso da rana tsaka. An yi ruwa da safe, harabar asibitin duk taɓo ce. Alhaji Mutawakkil, shugaban kwamitin da ke kula da asibitin, yana tsaye yana jiransa da mutane kusan goma, har an jingina masa tsanin ƙarfe a jikin bango.

Bai ko kalli tsanin ba. Ya gaisa da kowa, ya nemi kujera, ya zauna ya tambayi Sa'adiyya yaushe abin ya fara, da kuma ko akwai wani abu da ta ga ya canza, ko da ba ta ga alaƙarsa da wuta ba. Ta yi tunani ta ce babu, sai dai famfon tankin ruwan sama da ke yi mata tsam a hannu in ta taɓa, amma an ce mata haka sola take da damina. Wani daga cikin mutanen ya yi dariya ya ce ai wayar shanya ma haka take yi, mata sun saba. Wani kuma ya tuna cewa makon jiya ragon maƙwabci ya faɗi matacce a gindin bututun da ke sauko da ruwa daga indararo, aka ɗauka maciji ne. Mamuda ya juya gaba ɗaya ya fuskanci mai maganar. Ya tambaye shi wace rana ce, an yi ruwa ko ba a yi ba, a ina daidai ragon ya kwanta, an ga shaidar sara a jikinsa ko ba a gani ba.

Haƙurin Alhaji Mutawakkil ya ƙare. Ya ce, "Malam Mamuda, mun kira ka tun daga Bagudo don ka hau ka gyara muna wuta, ba don ka yi ta'aziyyar rago ba."

Mamuda ya ce, "Alhaji, ka yi mini haƙuri. Ragon ga, shi ne aikin."

Ya tashi ya sa safar hannunsa, ya ce kowa ya sauko daga baranda ya ja baya. Ya ɗauko wani guntun rodi daga jakarsa ya kafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya maƙala masa waya ɗaya ta mitar. Yana shirin kai ɗayar jikin bututun, sai ga wata tsohuwa, Inna Mariyamu, ta fito daga ɗakin haihuwa ta ƙofar baya. Jikarta ce ta haihu da safe, ta wanke zannuwa, ta fito da su a roba za ta shanya. Ba takalmi a ƙafarta, kuma cikin taɓo take tafe. Wayar shanyar kuwa, bakinta ɗaya a ɗaure yake da ƙusar kwanon rufi. Waɗanda suka san Mamuda shekara da shekaru sun ce ba su taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ran nan.

"Inna, tsaya nan! Kada ki taɓa wayar ga!"

Tsohuwa ta daskare da jiƙaƙƙen zane a hannu, tsakaninta da wayar bai kai taku biyu ba. Ya je ya kama gefen mayafinta ya janyo ta baya a hankali, yana ba ta haƙuri a kan tsawar da ya yi mata. Sannan ya dawo ya ɗora bakin mitar a jikin bututu. Ya daɗe yana kallon lambar. Ya matsa ya gwada wayar shanya, ya gwada famfo, duk abu ɗaya. Sa'adiyya ta matso ta tambaye shi abin da ya gani. Ya juya mata fuskar mitar, ɗari biyu da goma sha takwas. Ta ce ba ta gane ba.

Ya ce, "Malama, wutar da ke cikin soket ɗin ɗakinki, ita ce ke cikin rufin ga baki ɗaya. Da kwano, da indararo, da bututu, da wayar shanya."

Wanda ya yi dariya ɗazu ya kalli hannunsa. Abin da ya raba matan ƙauyen da mutuwa duk kwanakin nan bai wuce silifas ɗin roba da busasshen simintin baranda ba, don daga nan suka saba miƙa hannu su yi shanya. Inna Mariyamu ce ta farko da ta biyo ta cikin taɓo ba takalmi. Robar wankin ta suɓuce daga hannunta, ta durƙushe tana salati, sai da mata biyu suka kama ta suka kai ta inuwa.

Mamuda ya shiga ɗakin batura ya kashe bireka, wato makunnin da ke tsakanin rufi da babbar inbata, wanda aka yi shi don ya yanke wuta da kansa in ta ɓace hanya. Da mutane suka ji ƙarar kashewar, sai aka saki ajiyar zuciya. Alhaji Mutawakkil, wanda kunya ta riga ta kama, ya so ya nuna ya saduda, ya ruga ya ɗauki tsanin ƙarfen nan da hannu biyu zai ɗora a bakin rufi. Mamuda ya fito daidai lokacin, ya riƙe tsanin ta tsakiya.

Ya ce, "Dakata, Alhaji. Makunni na kashe, ban ga wuta ta mutu ba tukuna."

Ya sake ɗora mita a jikin bututun. Ɗari biyu da goma sha takwas, ko ɗaya bai ragu ba. Alhaji Mutawakkil ya saki tsanin ya faɗi a taɓo, ya ja da baya har ya jingina da bishiya. Ya gaya wa mutane daga baya cewa kwana uku yana jin sanyin ƙarfen nan a tafin hannunsa.

Da Mamuda ya kwance murfin akwatin makunnan, sai ya ga dalili. Wani ya sa guntuwar waya mai kauri ya haɗe bakin bireka na sama da na ƙasa, ta yadda ko an kashe ko an kunna, wuta wucewa take yi abinta. Ya zagaya bayan ginin ya nemi wayar ƙasa, wadda ke kwashe ɓatacciyar wuta ta zuba ta cikin ƙasa. Ya tarar an yanke ta tun da daɗewa, an tafi da jan ƙarfen, guntun da ya rage har ya yi tsatsa. Kariya biyu aka yi wa ginin, kuma duka biyun babu.

Hanya ɗaya ta rage, a kashe babbar inbata gaba ɗaya. In ta mutu, 'yan ƙananan da ke rufi su ma za su tsaya da kansu, don ba sa ba da wuta sai sun ji wata wutar a layi. Amma kashe ta na nufin kashe firjin rigakafi. Mamuda bai yanke wannan hukunci shi kaɗai ba, ya gaya wa Sa'adiyya yadda abin yake ya bar mata. Ta amince, ta kwashe alluran ta jera a akwatin sanyi da ƙanƙarar da ta rage, ta rufe ta ɗora masa bargo. Ta ce masa awa huɗu take da su, in aka wuce haka ba ta da abin da za ta gaya wa iyayen yara.

Duk da wannan ƙurarren lokaci, bai yi gaggawa ba. Ya kashe inbata, ya duba agogo ya jira minti biyar cur, ya gwada bututu, mita ta nuna babu komai. Ya gwada mitar a jikin batir don ya tabbatar ba ita ce ta mutu ba, ya dawo ya sake gwada bututun. Ya rufe ɗakin batura da kwadonsa na kansa, ya jefa mabuɗin a aljihu, don kada wani mai neman taimako ya kunna yana sama. Ya ce a ɗauke tsanin ƙarfe a aro masa na katako. Sai da ya shafa kwano ya ji ya bushe sannan ya hau, ɗaure da igiya a ƙugu, da tamfol a kafaɗa. Mutanen ƙasa suka ga yana lulluɓe farantan ɗaya bayan ɗaya kafin ya taɓa wayoyinsu, suka yi ta mamaki. Ya bayyana musu daga baya cewa faranti ba shi da makunni, muddin yana ganin rana yana haifar da wuta, ko an kashe komai a ƙasa.

A bayan faranti na bakwai ya samu abin da yake nema. Babbar wayar da ta haɗa 'yan inbatocin ta kwance daga maɗaurinta ta kwanta a kan kaifin kwano, iska tana kaɗa ta tana gogawa, har roba ta cinye, jan ƙarfe tsirara ya zauna a jikin rufi. Ruwa kuma ya bi ta nan ya shiga mahaɗin akwatuna uku. Biyu sun farfaɗo da ya busar da mahaɗinsu ya canza. Na ukun ya ƙone, kuma bai yarda ya fasa shi ya yi masa dabara ba, ya cire shi ya toshe bakin wayarsa, ya ce faranti goma sha ɗaya masu lafiya sun ishi firji kafin a samo sabo. Ya sauko ya cire muguwar wayar nan daga bireka, ya kafa sabon rodi a ƙasa ya ja masa waya, ya kwance wayar shanya daga jikin rufi da hannunsa. Ana kiran la'asar firji ya ɗauka. Awa uku da rabi.

A nan ne wani mutum ya fito daga cikin taron. Abbas ne, magidanci mai shekara arba'in da wani abu, mai gyaran janareta, wanda kowa a ƙauyen ya sani da son taimako. Ya ce shi ya sa wayar a bireka. Makonni uku da suka wuce bireka ya yi ta faɗuwa duk lokacin da aka yi ruwa, firji na mutuwa, aka roƙe shi ya duba ba da sanin Sa'adiyya ba, shi kuma ya ɗauka birekan ne ya lalace. Wasu matasa suka fara matsowa suna zage-zage. Mamuda ya shiga tsakani. Ya zare safar hannunsa ta hagu ya ɗaga hannun sama. Yatsu biyu a ƙanƙance suke, fatar tafin ta tattare ta yi fari. Da yawa a wurin ba su taɓa lura ba.

Ya ce, "Wanga hannu ni na yi mishi haka, ba kowa ba. A wata rijiyar sola kusa da Kende, shekarata ta biyu da fara aiki. Ina sauri, na fizge mahaɗin waya rana na tsaka ban kashe komi ba. Abbas bai sani ba ne, kamar yadda ban sani ba. Bireka in ya faɗi, magana yake yi maka. Ba a rufe mishi baki, tambaya tai ake yi."

Matasan suka ja da baya. Sa'adiyya kuwa ta shiga ofis ta ɗauko littafin haihuwa, ta buɗe daga ranar da Abbas ya ambata. Mata goma sha tara ne suka haihu a ƙarƙashin wannan rufi cikin makonni ukun. Kowace da mai jinyarta, kowace an yi mata wanki an shanya, an ɗebi ruwa a famfon nan an wanke jariri. Ta rufe littafin ta zauna a dandaryar ƙasa. Ta ce har yau in ta kai hannu za ta buɗe famfo, sai ta ji gabanta ya faɗi.

Malam Mamuda, kai ne ka zauna kana tambaya a lokacin da kowa ke cewa ka tashi. Kai ne ka ji labarin mataccen rago ka ƙi barinsa ya wuce. Mun kira ka mai nawa, mun yi maka gunaguni a bayan ido, ashe nawar nan ce ta hana a yi jana'iza a harabar asibiti. Irin aikinka ba ya barin abin nunawa, don wanda ka tsare ba ya ma sanin an tsare shi. Yana tashi ne ya tafi gona, ko ta goya jaririnta ta koma gida. Wa ya san rufi nawa ka sauko daga kansu cikin shekara goma sha bakwai, ka ɗaure jakarka ka tafi, ba ka gaya wa masu gida abin da ka tarar ba? Na wannan ƙauye mun sani ne kawai don an yi shi a gaban jama'a.

A watan jiya likita ya hana shi hawa sama. Gwiwoyinsa sun gaji, kuma jiri ya fara ɗibarsa in ya daɗe a rana. Ya karɓi maganar ba musu, ya ce wanda ya yi shekaru yana hana mutane ganganci ba zai rufe da nasa ba. Da aka je aka gaya masa za a rubuta wani abu a kansa, ya murza gemu, sannan ya ce in dai dole ne, a rubuta cewa kada mai gyara ya yarda da makunni sai ya gwada, kuma duk wanda ya ji ƙarfen gidansa ya yi masa tsam, ya janye iyalinsa ya nemi masani a ranar, kada ya bari sai gobe. To, ga shi an rubuta.

Mun gode, Malam Mamuda. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba gwiwoyin nan sauƙi, Ya tsare ka kamar yadda Ya sa ka tsare bayinsa. Mutanen Kaoje da Kende da Lolo da na tsallaken iyaka suna gaishe ka.

Ku kuma masu wannan sana'a, sola ta cika garuruwanmu, kusan kowane rufi yanzu da farantinsa, amma masu haƙurin gwadawa kafin su taɓa ba su da yawa. Kowace ranar kasuwar Lolo, dattijon nan yana zama a wata rumfa kusa da masu sayar da kayan wuta, da tsohon faranti ɗaya da ƙonanniyar inbata a kan tabarma, yana koya wa duk wanda ya zo, ba ya korar kowa. Magidanta ne ke zagaye da shi, masu gyaran janareta da masu haɗa wutar gida, wasu da furfurarsu. Akwai sauran wuri a tabarmar. Ku je ku zauna tun yana da ƙarfin yi muku bayani.